Inda Ɗalibin Jinyar Tunani Yake Zama Gwani

A shekarar 1949 malaman ilimin halayyar ɗan Adam suka taru a garin Bolda na jihar Kolorado a Amurka, da tambaya ɗaya a gabansu: wane horo ya dace da wanda zai zauna da mai ciwon damuwa ko taɓin hankali ya taimake shi? Abin ya matsa musu. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sojoji sun koma gida da firgici da rashin barci, likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba su isa ba. Bisa rahoton da kwamitin David Shakow ya fitar a 1947, suka tsayar da cewa ɗalibi ya haɗa abu biyu: bincike da jinya. Ba a daɗe ba ƙorafi ya taso cewa jami'o'i suna yaye gwanayen lissafi da ba su iya zama da marar lafiya ba. Shi ya sa wani taron da aka yi a garin Bel a 1973 ya amince da wani digirin da ya fi ba aikin asibiti ƙarfi. A Ingila kuwa shekara 3 ake yi, ɗalibi yana karɓar albashi daga hukumar lafiya ta ƙasa, yana zagaya sassan manya da yara da tsofaffi.

Duk inda aka je, abin da ake son ɗalibi ya iya kusan ɗaya ne: ya tantance matsala, ya bayyana yadda ta faro da abin da ke raya ta, ya yi jinya ta hanyar tattaunawa, ya riƙe amana, ya karanta bincike da idon basira. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Tun 1954 Paul Meehl ya nuna cewa hasashen da aka gina a kan alƙaluma sau da yawa yana kamo hasashen ƙwararre, ko ma ya wuce shi. Don haka "ni dai jikina ya ba ni" ba hujja ba ce a wannan sana'a.

Amma a ganina, ba a aji ake zama gwani ba. A gaban malami mai sa ido ake zama, a zaman da akan yi mako-mako ana bin aikin ɗalibi daki-daki. Da izinin marar lafiya, ɗalibi ya kunna muryar da ya naɗa. Wata uwa tana ba da labarin rasuwar jaririnta, sai ta yi shiru. Nan take aka ji ɗalibi ya ce, "Sai haƙuri, Hajiya, kowa da ƙaddararsa." Malama ta tsayar da na'urar.

"Me ya hana ka jira?"

"Malama, na ga kamar za ta yi kuka."

"To, in ta yi fa?"

Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma shi tarbiyya ta koya mana. Sai dai matar ta sha jin sa a gidan makoki, ba shi ta zo nema ba. Carl Rogers ya rubuta a 1957 cewa jinya tana buƙatar mai jinya ya ji abin da mutum ke ji, ya karɓe shi ba tare da sharaɗi ba, ya kuma kasance mai gaskiya. Ɗalibi yana iya haddace wannan a dare ɗaya. Jure wa shirun mai baƙin ciki kuwa, sai an yi ta gyara masa.

Haka tambayar da ta fi kowace nauyi a baki: ko mutum yana tunanin kashe kansa. Kunya da tsoron saɓo kan sa ɗalibi ya yi ta kewaye-kewaye, alhali bincike ya nuna cewa yin tambayar kai tsaye ba ya cusa wa mutum wannan tunani. Ga kuma batun sirri. Littattafan da aka rubuta a Turai suna ɗaukar marar lafiya shi kaɗai zai shigo. A Kano ko Maraɗi miji ne zai rako, ko uwar miji, kuma su za su fara bayani. Yadda za a ce, "Baba, a ɗan ba mu wuri," ba tare da an ɓata wa dattijo ba, ƙwarewa ce da ya kamata a jarraba ɗalibi a kanta kamar kowane gwaji.

Nijeriya tana da tushen da za ta gina a kai. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zaune a ƙauyuka tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Ɗalibin da zai yi aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna ko Kware ko Maiduguri zai tarar da yawancin masu zuwa sun riga sun bi ta hannun mai ruƙiyya ko mai magani, kuma da ciwon kai ko zafin jiki za su fara kuka, ba da damuwa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙoƙin da dole mai jinya ya sani. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin masu sa ido. Jami'ar da ta ɗebi ɗalibai fiye da waɗanda malamanta za su iya sauraron aikinsu ɗaya bayan ɗaya, gara ta rage adadin.