Injin ƙyanƙyasa bai san hunturun Ƙonni ba

A 'yan shekarun nan injin ƙyanƙyasar ƙwai ya fara shiga gidaje a Ƙonni, Malbaza da Illela. Akwai ƙaramin na roba ɗan China, akwai kuma wanda samari ke haɗawa da tsohon firji, su sa masa ƙwan fitila da 'yar fanka da na'urar daidaita zafi. Ina murna da wannan ƙwarai. Kazar gida in ta yi kwanci ba ta rufe abin da ya wuce ƙwai 10 zuwa 12, ga shi kwanci da renon 'yan tsaki na hana ta yin sabon ƙwai tsawon watanni. Zabuwa kuwa tana zuba ƙwai da damina amma ba a dogara da ita wajen kwanci, shi ya sa tun kaka da kakanni ake sa wa kaza ƙwan zabi. Abin da kaji suka kasa rufewa sai a dafa a kai tasha. Inji ɗaya na iya mayar da wannan ƙwan garken zabi, kuma kowa ya san darajar zabo a kasuwar Badagishiri.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayar da injin tare da lambobi uku, a ce an gama karatu: zafi 37.5, danshi 55 cikin 100, kwana 21. Lambobin ba ƙarya ba ne. Sai dai takardar da ke cikin kwali da bidiyon da ake turawa ta WhatsApp ba su san iskarmu ba, wadda ke sauya hali sau uku a shekara.

Ƙwai yana numfashi. Ɓawonsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwan ciki na fita ta nan a hankali, sai wani gurbin iska ya riƙa girma a ɓangaren ƙwan mai faɗi. Kafin kwana na 18 ana so ƙwai ya rage kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa, wato mai giram 40 ya zubar da kamar giram 5. Cikin wannan gurbin ɗan tsako ke fara cusa baki ya shaƙi iska kafin ya fasa ɓawo. In ruwan ya fita da yawa, tsakon ya ƙanƙance, fatar ciki ta bushe ta manne masa, ya huda ɓawo ya kasa juyawa. In bai fita yadda ya kamata ba, gurbin ya yi kaɗan, tsakon ya kai lokacinsa ya mutu cikin ruwa. Mai inji ya fasa ya ga cikakken tsako da gashinsa, ya ce ƙwan ne baragurbi, ko ya ɗora laifin kan wanda ya sayar masa. Sau da yawa tasar ruwan da ke cikin injin ce sanadi.

Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da 20 cikin 100 da rana, in kuma inji ya ɗumama ta sai ta ƙara bushewa. 'Yar tasar ruwan da ta zo da inji ba ta isa. Faɗin fuskar ruwan ne ke ba da danshi, zurfinsa ba ya ƙara komai, don haka faranti biyu masu faɗi, ko soso da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa, sun fi kwano ɗaya mai zurfi. A watan Agusta kuwa iskar ɗaki ita kaɗai ta kusa kai abin da ake nema, wanda ya cika dukkan tasoshi don takarda ta ce a cika, shi ke nutsar da tsakinsa. Abin takaici, daidai lokacin ne ƙwan zabi ke yawa, mai kaurin ɓawo, mai neman kwana 26 zuwa 28.

Bazara ta fi duka wuya, kuma da wuya mai sayarwa ya ambace ta. Inji ya iya ɗumamawa, bai iya sanyayawa ba. A Afrilu da Mayu ɗakin kwano a Galmi ko Tsarnawa kan wuce digiri 40, na'urar ta kashe fitilarta amma zafin ciki ya ci gaba da hawa. Ƙwai na jure 'yan sa'o'i na sanyi, musamman in an lulluɓe injin da bargo, amma zafin da ya haura 40, in ya daɗe, yana kashe shi. Duba inda kaza ke zaɓa da kanta: ƙarƙashin rumbu ko kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi. Wanda ba shi da ɗakin ƙasa mai kauri, a ganina gara ya huta wata biyun nan ya jira ruwa ya sauka.

Maganar wuta gajera ce. Malbaza na da tashar hasken rana mai megawat 7 tun 2018, amma duk mun tuna abin da ya faru da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kada a zuba ƙwai sai an tanadi batir da faifan sola.

Abin da nake so mai inji ya koya shi ne karanta ƙwan kansa. Tocilar hannu da ɗaki mai duhu sun isa. A haska ƙwai a kwana na 7, na 14 da na 18, a zagaye gurbin iskar da fensir. In ya yi saurin girma a ƙara ruwa, in ya tsaya a rage. Mai ƙaramin sikeli ya auna tire guda gaba ɗaya ranar farko, ya sake aunawa duk mako. Ita ma na'urar auna danshi a gwada ta, don masu arha kan yi kuskure sosai: a rufe ta cikin gwangwani ko leda tare da gishirin da aka ɗan jiƙa, a bar ta ta kwana, ya kamata ta nuna 75. Daga kwana na 18 a daina juya ƙwan kaji, a kai danshi 65 zuwa 70 da ruwa mai ɗumi, a bar murfi a rufe ko da yara sun matsu su ga tsakon farko. Kuma kada a toshe ƙofofin iska wai don danshi ya taru, a waɗannan kwanakin ne tsaki suka fi bukatar numfashi.

Ina roƙon ma'aikatan kiwo da ƙungiyoyin da ke raba wa mata injuna a jihar Tawa su daina tsayawa ga bikin miƙa kaya. Su koma gidajen a kwana na 7 da tocila a hannu, su zauna da Hajiya ko Inna ta haska ƙwanta da kanta, su sake komawa da hunturu, su koma da damina.