Ra'in Adler na Jin Ƙasƙanci da Kishin Jama'a: Tsokaci a kan Amfaninsa da Iyakarsa

1.0 Gabatarwa

Ya zama al'ada ga ɗalibin nazarin adabi ya ɗora aikinsa a kan wani ra'i, sau da yawa ba tare da an fara auna ra'in ba. Wannan maƙala za ta dubi ra'in Alfred Adler (1870-1937), likita ɗan ƙasar Ostiriya, domin tantance abin da manazarcin Hausa zai ɗauka a cikinsa da kuma abin da ya kamata ya yi hattara da shi.

2.0 Tushen Ra'in

Adler ya shiga da'irar Sigmund Freud a birnin Biyana a 1902, suka raba gari a 1911. Freud ya ɗauki sha'awar jima'i a matsayin abin da ke tuƙa ɗan Adam. Shi kuwa Adler cewa ya yi jin ƙasƙanci ne. A littafinsa na 1907 ya nuna yadda mai rauni a wata gaɓa ta jiki kan yi fafutukar cike wannan giɓi, wani lokaci har ya zarce masu lafiya. Daga baya ya faɗaɗa batun ya ce kowane yaro yakan tashi ya ga kansa ƙarami a tsakanin manya, daga nan sai ya ƙudura wani buri na ɗaukaka, ya gina salon rayuwarsa a kansa. Ke nan, jin ƙasƙanci ba cuta ba ne a karan kansa. Yana zama cuta ne idan ya daƙushe mutum, ko ya sa shi fakewa da girman kai.

Bayan ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai Adler ya ƙara jaddada abin da ya kira Gemeinschaftsgefühl da Jamusanci, wanda za a kira shi kishin jama'a a nan. A ganinsa, da shi ake auna lafiyar zuciya a fagage uku, wato sana'a da cuɗanya da aure. Wannan ne ya sa ya buɗe cibiyoyin ba da shawara kan tarbiyyar yara a Biyana, waɗanda gwamnati ta rufe a 1934.

3.0 Sharhi

Rauni na farko shi ne wanda Karl Popper, da ya taɓa aiki tare da Adler a 1919, ya bayyana a 1963. Ya kawo misalin mutum biyu: ɗaya ya tura yaro cikin ruwa don ya halaka shi, ɗayan ya faɗa ruwa don ya cece shi. Ra'in Adler zai ce jin ƙasƙanci ne ya sa na farko ya so ya nuna wa kansa zai iya aikata laifi, shi ne kuma ya sa na biyu ya so ya nuna wa kansa zai iya ceto. Ra'in da ya dace da abu ya kuma dace da kishiyarsa, babu hanyar da za a gane kuskurensa. Haɗarin wannan ga mai nazarin adabi a fili yake: jarumi da matsoraci da marowaci da mai kyauta duk sai su fito da fassara guda, alhali marubuci bambanta su ya yi.

Rauni na biyu ya shafi jerin haihuwa. Adler ya siffanta ɗan fari da sarkin da aka tuɓe, domin ya sha gata shi kaɗai kafin ƙane ya zo ya ƙwace. Wannan hoton gida ne na miji ɗaya da mace ɗaya a Biyana. A gidan Bahaushe na gargajiya kuwa, ɗan fari shi ake yi wa alkunya: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a bainar jama'a, sau da yawa ma kaka ce ko goggo ke riƙonsa. Wanda ba a naɗa ba, yaya za a tuɓe shi? Haka kuma, a gidan da ke da 'yan uba, yaro na iya zama auta a ɗakinsu, na tsakiya a wajen mahaifinsa. Ko a Turai ma, wani bincike na 2015 da ya duba mutane fiye da 20,000 a Jamus da Birtaniya da Amurka bai sami wani tasiri mai ɗorewa na jerin haihuwa a kan ɗabi'a ba.

Inda ra'in ke da ƙarfi shi ne kishin jama'a. A nan ya yi kusa da tunanin Bahaushe game da mutumin kirki, wanda Kirk-Greene (1974) ya zayyana da siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya. Duk siffofi ne da ba sa tabbata sai da jama'a. Sai dai a lura da bambanci biyu. Na ɗaya, kalmar zumunci ba za ta ɗauki ma'anar ba, domin ta fi karkata ga dangi, shi kuwa Adler bil Adama gaba ɗaya yake nufi. Na biyu, kirki hukunci ne da jama'a ke yanke wa mutum bisa al'ada da addini, alhali kishin jama'a a wajen Adler ma'auni ne na likita.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ra'in Adler na da amfani matuƙar an ɗauke shi a matsayin tambaya: me wannan tauraro yake ganin ya rasa, wace hanya ya bi don ya cike giɓin, kuma hanyar ta kusantar da shi ga jama'a ko ta raba shi da su? Amsar kuwa a cikin matani za a neme ta. Batun jerin haihuwa kuma, bai kamata a ɗora shi a kan gidan Bahaushe ba sai an fara nazarin gidan kansa.