Ƙasusuwan Sin da Gumakan Kwatarkwashi

A shekarar 1899 wani malami na ƙasar Sin, Wang Yirong, ya lura da rubutu a jikin tsofaffin ƙasusuwan da a kan daka don magani. Manoma ke tono su suna sayarwa. Sai a 1928 masana suka fara haƙa a Anyang, suna rubuta inda kowane ƙashi ya kwanta da abin da ke kusa da shi. Da haka aka jera rubutun sarakunan Shang, wanda ya haura shekara 3,000, zamani bayan zamani, har aka rarrabe hannun marubuta, kamar yadda alaramma a Gusau ko Tsafe kan dubi allo ya faɗi almajirin da ya rubuta.

A Kwatarkwashi, ƙasar Bunguɗu, ba a yi haka ba. Cikin shekarun 1990 aka tone gumakan yumɓu, aka kwashe zuwa Turai. Littattafan masu gwanjo suna yabon girarsu da gemunsu, suna kiransu "na Sakkwato", amma ba sa faɗin ramin da suka fito, ko kabari ne ko kufai. Wannan talla ce, malamin tarihi ba shi da abin kamawa a cikinta.