Littafin Sallah da Babu Sallarmu a Ciki

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo mana cikin 'yan shekarun nan, wadda a zahirinta abar yabo ce, ba na kuwa tuhumar niyyar ma'abotanta ko kaɗan, amma duk da haka ba ta taɓa giftawa ta gabana ba face ta bar mini ɓacin rai mai daɗewa. Ita ce ɗabi'ar saya wa yara littafi mai hotuna a kan azumi da Sallah, wadda iyaye ma'aikata da masu makarantun kuɗi suka runguma, har ta kai da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, duk wanda zai shiga Kano daga Birnin Kudu ko Gwaram ba ya rasa mai ba shi sautun irin waɗannan littattafai, a haɗa masa da na dabino da na shadda. Saya wa yaro littafi alheri ne, Allah ya saka wa mai yi. Kukana yana kan abin da ke tsakanin bangon littafin.

Ku da kuka gan su kun san siffarsu, domin wanda ya ga ɗaya ya ga ɗari. Takarda mai kauri mai sheƙi, sama shuɗiya cike da taurari, fitilar nan ta mutanen Masar da ake kira fanus tana reto a bakin taga, uba da uwa da 'ya'ya biyu rak sun kewaye tebur a kan kujeru, ga balan-balan, ga kyaututtuka an naɗe su cikin takarda mai launi an ɗaure da zare. Ka buɗe daga shafin farko har ka dire na ƙarshe, ba za ka ga zaure ba, ba tabarma, ba kunun tsamiya, ba ƙosai, ba tela, ba mai lalle, ba kishiyar uwa, ba almajiri a bakin ƙofa, ba ko doki guda. Sa'an nan a ɗauki wannan a miƙa wa yaron Sundimina ko na Basirka, a ce masa ga littafin Sallah.

Yaro kuwa, ko da yake ƙarami ne, yana da nasa ƙiyasin, kuma tun ranar da aka sa shi makaranta aka cusa masa cewa abin da aka buga a littafi shi ne sahihi. Saboda haka idan ya duba littafi ya ga Sallah iri ɗaya, ya ɗaga kai ya ga wata iri a tsakar gidansu, ba littafin zai tuhuma ba, gidansu zai tuhuma. Wata yarinya a cikin danginmu, bayan an raba musu irin wannan littafi a makarantarsu, ta dawo ta tambayi uwarta dalilin da ya sa su ba su yin Sallah yadda ake yi. Uwar nan ta kwana uku tana fama da kitso da lalle da cincin da tuwon Sallah, ta ci bashin ɗinki, amma shafi ashirin da wani abu sun isa su sa 'yarta ta ga duk wannan bai cika Sallah ba. Wannan tambaya ita ce ta tunzura ni na ɗauki alƙalami.

Asalin lamarin ba ɓoyayye ba ne. Galibin littattafan nan an wallafa su ne a Ingila da Amurka, domin 'ya'yan Musulmin da ke zaune tsiraru a tsakanin Nasara, waɗanda duk shekara idan Disamba ta kama suke ganin gari ya cika da ado da kyaututtukan Kirsimeti, su komo gida suna tambayar iyayensu ina nasu. Sai mawallafa, don su share musu hawaye, suka ɗauki ma'aunin Kirsimeti suka auna azumi da shi, inda ake sa itace aka sa jinjirin wata, inda ake rataya ƙararrawa aka rataya fanus. Ku dubi birin nan na littattafan yara mai suna George, wanda H. A. Rey da matarsa Margret suka ƙaga, Yahudawan Jamus da suka tsere daga Faris a kan kekuna a 1940 da rubutun littafin cikin kayansu: an yi masa littafin Kirsimeti, an yi masa na Hanuka, a 2016 kuma Hena Khan ta rubuta masa na Ramadan. Biri ɗaya, tsari ɗaya, ado kaɗai ake sauyawa.

Ambaton Hanuka yana da fa'ida a nan, domin Yahudawan Amurka sun riga Musulmin can shiga wannan hali da shekaru masu yawa, kuma akwai abin lura a ƙissarsu. Hanuka biki ne na kwana takwas, yana farawa ran 25 ga watansu na Kislev, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba, cikin tsananin sanyin ƙasashen can. Suna tunawa da shi yadda Makabiyawa suka ƙwato ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus daga hannun sarki Antiyokus na huɗu, suka tsarkake shi, wajen shekara 164 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma a ruwayar malamansu man fitilar da bai wuce na kwana ɗaya ba ya ci har kwana takwas, shi ya sa kowane dare suke ƙara kunna kyandir guda. A shari'arsu ƙaramin biki ne, Attaura ba ta ambace shi ba, ba a hana aiki a cikinsa, bai kuwa kama ƙafar Idin Ƙetarewa ko ranar azuminsu ta kaffara ba. Amma da yake maƙwabcin Kirsimeti ne, sai ya kumbura a Amurka fiye da matsayinsa, har iyaye da malamai daga cikinsu suke kukan cewa a kantin littattafan yara ya danne manyan idodinsu, kuma yawancin abin da ake bugawa bai wuce kyandir da katantanwar wasa da wainar dankali ba.

Sai dai ga inda suka tsere mana. Da suka ga haka ba su tsaya ga kuka ba, suka koma rumbun kakanninsu: a 1989 Eric Kimmel ya wallafa Hershel and the Hanukkah Goblins, wanda ya ɗauko gwarzonsa, wani matalauci mai dabara, daga tatsuniyoyin Yahudawan gabashin Turai, har yau kuwa ana karanta wa yara shi, a 2005 wani attajirinsu, Harold Grinspoon, ya kafa shirin PJ Library, wanda ke aika wa iyalai littattafan yara kyauta wata-wata har gida. Su fa suna da uzuri, tsiraru ne a ƙasar da galibinta ba addininsu take yi ba, haka ma Musulmin Landan da na Shikago suna da uzuri. To, mu mene ne namu uzurin? A Birnin Kudu gari ne ke azumi baki ɗaya, kasuwa ta san ana azumi, tasha ta sani, mai shayi ya sani. Ba wani bikin maƙwabta da ya rufe wa 'ya'yanmu ido har muke bukatar mu yi wa Sallah kwalliyar aro don ta yi gogayya da shi. Muna shan maganin ciwon da ba mu da shi ne, muna kuma biyan kuɗinsa da tsada.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawan abin da ke hannunmu, wanda da mawallafin Landan zai sami rubu'insa da ya yi littafi goma. Ga daren duban wata, yara sun hau katanga da kan duwatsu kowa na cewa shi ya fara gani, manya sun kasa kunne ga rediyo suna jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Ga samari masu tashin mutane sahur. Ga yaro ɗan shekara bakwai da ya rantse zai kai azuminsa na farko, azahar ta yi yana leƙen randa, kakarsa tana lallashinsa da cewa rabin yini ma ana haɗa shi da rabin gobe. Ga goma ga wata, an fara tashe, an manna gemun auduga, an cusa tsumma a ciki, Macukule da Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu suna bin gida-gida, ana ba su hatsi da 'yan kuɗi, ana kuma jan kunnen malamin da ba ya aiki da iliminsa da mijin da ba ya riƙe gida, cikin wasa da dariya. Ga gwauro yana ɓuya. Ga tafsiri da asham da tahajjudin goman ƙarshe, yaro yana gyangyaɗi a jikin ubansa a sahu. Ga jajibere, shagon tela ya cika maƙil, kowa na jiran alkawarin da aka ɗaga masa sau uku. Ga safiyar idi, an tafi ta wata hanya an komo ta wata bisa sunna, ga tuwo ana ta kaiwa gidajen maƙwabta da surukai, ga yawon barka da Sallah ana ƙirga abin da aka samu a bayan ɗaki, ga dawaki da algaita da 'yan lifida, ga hakimai da mahayansu sun nufi Dutse domin hawa. Hawan Sallar Kano fa a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Duniya ta gani ta yaba, amma littafin da muke saya wa ɗanmu bai san da zamansa ba.

Har ta fuskar fiƙihu akwai gyara. A littattafan nan sadaka kwalba ce da yaro ke jefa tsaba a ciki, a aika wa wasu matalauta da ba a gani a wata ƙasa mai nisa. Yaronmu kuwa abin da zai gani da idonsa shi ne ubansa ya shimfiɗa buhu ya ɗauko mudun Annabi, yana auna huɗu-huɗu na gero ko dawa ko shinkafa a madadin kowane rai da ke gidan, har jaririn da aka haifa jiya, kamar yadda ya karanta a Risala da Iziyya, sa'an nan a ɗora wa shi yaron a ka ya kai gidan wance kafin a tafi idi. Zakkar fid-da-kai ke nan, da ma'auninta da lokacinta da wanda ake ba, kuma wanda ake ba ɗin maƙwabci ne da ake gaisawa da shi kullum, wanda dole a koya wa yaro ladabin shiga gidansa ba tare da ya kunyata shi ba. Wace tarbiyya ce ta fi wannan cancantar shafi a littafi? Kazalika lokaci: shekarar wata tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka azumi yana zagaya hunturu da bazara da damina da kaka cikin shekara 33 ko kusa da haka, kuma manomin Gwaram da ya yi azumi yana noman farko ya san bambancinsa da azumin da ya faɗo cikin sanyi. A littafin aro kuwa kullum dare ne mai taurari, ba ƙura, ba zufa, ba hadari.

Na yarda takardarsu tana da kyau, zanensu yana jan ido, ba na kuma cewa akwai ɓata a aƙidarsu, yaro ma ya tsinci Turanci a ciki. Shi ke nan abin da zan iya ba su.

Laifin da ya rage namu ne, mu masu riƙe da alƙalami, kuma ba don ba mu da magabata ba. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930 domin 'yan makaranta, har yau kuwa ba a daina karanta ta ba. Hukumar NORLA a Zariya ta cika kasuwannin Arewa da ƙananan littattafai masu araha a shekarun 1950. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littafi shida. Umaru Dembo ya yi Wasannin Yara, M. B. Umar ya yi Wasannin Tashe. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma marubutan Kano suka nuna cewa Bahaushe yana iya rubuta littafi ya buga da kuɗinsa ya sayar da dubbai ba tare da ya jira wata hukuma ba. Sai dai duk wannan himma ta ƙare a kan soyayya da kishi da zaman aure, ɗan shekara shida bai sami rabonsa ba. 'Yan'uwa marubuta, ku da ke iya cika littafi huɗu da labarin aure ɗaya, ashe shafi goma sha shida na yaro da rigar Sallarsa ya gagare ku? Masu zane ma ba su kuɓuta ba, balle a wannan gari namu na Birnin Kudu, inda mutanen da suka riga mu da ƙarnoni suka bar mana zanen shanunsu a Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe. Abin da idonsu ke gani kullum shi suka zana, shi ya sa har yau ake tahowa daga nesa a duba.

Kafin Allah ya kawo masu rubutawa, ga yadda nake yi idan aka miƙo mini littafin Sallah a ce in duba wa yaro. Ba na fara karanta rubutun, hotunan nake bi ɗaya-ɗaya, ina neman abu ko guda da yaron zai nuna da yatsa ya ce irin na gidanmu. In na samu, in saya ko takardar ta yi baƙi-baƙi, in ban samu ba in mayar wa mai shi, in ɗauko masa Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda ko ba Sallah a ciki akwai mutanen da ya sani. Masu makarantu kuwa, maimakon kwalin da kuke sautu daga Kano, ku sa malamin Hausa ya zauna da 'yan aji biyar su ba shi labarin jajiberen bara, ku nemo yaron da ya fi iya zane a sakandaren garinku, ku kai wa mai buga katin biki ya buga muku kwafi ɗari biyu. Kuɗinsa ba zai kai na kwalin ba, kuma in kun buga, ku aiko Birnin Kudu da guda goma, ni zan biya.