Madubin Bindiga da Harbin Nesa: Ina Sanɗar Mafarauci?

A majalisun shan ataya na unguwannin Nima da Maamobi a Akkara, wayar hannu ta kawo wata irin farauta da kakanni ba su sani ba. Bature ne kwance a kan tudu a jihar Wayomin ta Amurka, ko a filayen Afirka ta Kudu, ya kafa ido a madubin bindiga, ya murza ƙusa, ya harbi dabbar da ke nesa da shi mita 600 ko fiye. Masu kallo su yi ta mamaki, musu ya koma kan wane madubi ne ya fi jawo nesa kusa.

Wannan yayi na harbin nesa abin a duba ne da idon basira, domin yana neman raba farauta da abin da ya mai da ita sana'a.

Madubin kansa ba shi da laifi. Wanda maharba suka fi sabawa da shi shi ne mai lamba 3-9x40: yana ƙara girman abu daga ninki 3 zuwa 9, gilashin gabansa kuma milimita 40 ne. A buɗaɗɗen fili, inda barewa ke hango mutum tun daga nesa, wannan ya wadatar ga harbin mita 200. Amma duk ƙarin ninki yana da farashi. A ninki 3, maharbi yana ganin faɗin kusan mita 10 a tazarar mita 100. A ninki 9 faɗin ya ragu zuwa kusan mita 4. Wanda ya sayi mai ninki 25 zai ƙirga gashin dabba, amma ba zai ga ɗanta a gefe ba, balle manomi ko makiyayin da ke bayanta. Rawar hannu ma ninkuwa take yi, haka kawalwalniyar zafin rana.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Harsashin .308 yana yin ƙasa fiye da mita ɗaya kafin ya kai mita 500, yana kuma shafe fiye da rabin daƙiƙa a hanya. Taku ɗaya dabbar ta yi, ko iska ta juya, harbin ƙirji ya zama na ciki. Dabbar ta gudu da rauni ta je ta mutu a inda ba mai ganinta. Ko a Amurka, ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta ja kunnen mafarauta cewa harbi daga inda dabba ba za ta iya jin mutum ko ƙamshinsa ba ya fi kama da gwajin bindiga.

Ga ɗan Zongo, akwai hujjar da ta fi wannan kusa. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya ji cewa farauta don wasa makaruhi ce. Ana ambaton sunan Allah kafin a saki harbi, idan an tarar da dabba da rai a yanka ta. Wanda ya harba daga rabin kilomita, yaushe zai isa da wuƙa? Nama na iya zama mushe, rai ya tafi a banza.

Sannan ƙasar Gana ma ba irin ta Turawan nan ba ce. Manyan namun dajin Gana, su ɓauna da gwanki da giwa, suna cikin gandun Mole kusa da Damongo, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 4,500, inda aka haramta farauta. A gandun Shai Hills da ke filayen Akkara ma an haramta ta. A wajen gandu, dokar kare namun daji ta 1971 ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi ke haihuwa. Gyazbi ne kawai aka ware, shi ma da lasisi. Bindigar da mafaraucin ƙauye ke rataye da ita mai baki ɗaya ce, mai watsa gubar harsashi, wadda ba ta wuce mita 40 da ƙarfi. Madubi ba zai ƙara mata komai ba.

Abin da maharban Hausa suka gada shi ne sanɗa: karanta sawu, sanin inda iska ta dosa, jan ciki a ciyawa har a ji numfashin dabba. Ba su kaɗai ba ne: a Winneba, ranar bikin Aboakyer a watan Mayu, rundunonin Tuafo da Dentsefo suna kama mazo da rai da hannu, jama'a na jinjina musu saboda kusantar da suka yi.

Matashin Nima da farauta ta shiga ransa ya fara da ofishin 'yan sanda don rajistar bindiga, da sashen kula da namun daji don lasisi, sannan ya nemi tsohon maharbi ya bi shi daji. Idan wata rana ya riƙe bindigar da ke buƙatar madubi, mai matsakaicin ninki da gilashi mai haske ya ishe shi, kuma aikinsa na farko shi ne tabbatar da abin da ke tsaye a gaba, da abin da ke bayansa, kafin yatsa ya taɓa kunama.