Jinjina ga Masu Zanen Bango na Tudun Wada

Tun kafin a baje kolin zane-zane masu ruɗa ido a birnin New York a 1965, inda ayyukan Bridget Riley da Victor Vasarely suka ja hankalin duniya, maginan Zazzau ke wasa da idon mai wucewa a fuskar soraye.

A Tudun Wada ta Zariya, magini kan yaɓe bango, ya fitar da zane tun yaɓen bai bushe ba. Dagi ne sarkin adon: layi ya kutsa ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya ɓullo ta sama, har ido ya rasa mafarinsa. Da hantsi zanen na kwance lamo. Da la'asar kuwa, in inuwa ta cika ramukansa, sai mutum ya rantse tasowa ya yi daga bangon. Zuwan siminti da fenti bai razana maginan ba. Keke da takobi suka samu gurbi a tsakanin da'irori.

Maginan nan magada ne ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim.

Masu irin waɗannan gidaje, don Allah a kira magini ya gyara kafin damina.