Maƙiyin Duniya a Idon Masu Kallo: Sharhi a Kan Wani Kashi na Wasan Doctor Who

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazarin ra'ayoyin masu kallo game da wani tsohon wasan talabijin mai jigon ƙagaggen labarin kimiyya, wato Doctor Who, wanda gidan BBC na Ingila ya fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba 1963. Mun taƙaita ga labari guda, The Enemy of the World, watau Maƙiyin Duniya. Za mu gwama ra'ayin Turawa da na ɗalibanmu 'yan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda muka kalli wasan tare da su a darasin adabi.

2.0 Tarihin Wasan

David Whitaker ne ya rubuta labarin, aka nuna shi kashi shida daga Disamba 1967 zuwa Janairu 1968. A wancan zamani BBC takan goge faya-fayanta don ta sake amfani da su, saboda haka kashi na uku kaɗai ya tsira. Sai a Oktoba 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi tara a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos: biyar na wannan labari, huɗu na wanda ke biye da shi, The Web of Fear. Da haka yawan ɓatattun kashi ya sauko daga 106 zuwa 97 a wannan shekara. Ashe abin da aka fid da rai da shi a Landan yana kwance a ƙarshen hanyar nan da ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore.

Ga labarin a taƙaice. Tauraron wasan, wanda ake kira Dakta, matafiyi ne mai ratsa zamani cikin wani akwati da cikinsa ya fi wajensa girma. Ya sauka a shekarar 2018, ya tarar da wani mai suna Salamander, wanda ya ƙago na'urar tara hasken rana don bunƙasa noma, har ana ɗaukarsa mai ceton duniya daga yunwa. A ɓoye kuwa shi ne ke haddasa girgizar ƙasa da ambaliya, ta hannun wasu mutane da ya tsare a ƙarƙashin ƙasa, ya ruɗe su cewa yaƙi ya lalata doron duniya. Patrick Troughton ne ya fito a matsayin Dakta da Salamander duka biyu, domin kamarsu ɗaya.

3.0 Ra'ayin Turawa

Shekaru da dama masoya wasan a Ingila ba su ɗauki wannan labari da daraja ba. Dalili na farko, kashi na ukun da ya rage musu yana da sanyin tafiya, yawancinsa zance ne a ɗakin girki da farfajiya. Na biyu, labarin ba shi da dodo, alhali sauran labaran wannan zango cike suke da dodanni. Da sauran kashin suka bayyana sai ra'ayi ya juya, aka shiga yabon gwanintar Troughton da tsarin labarin. Darasin da ke nan ga manazarci shi ne, hukunci a kan gutsure ba hukunci ba ne a kan aiki. Wanda ya ji tsakiyar tatsuniya kaɗai ba shi da bakin cewa Gizo bai yi wayo ba.

4.0 Ra'ayin Ɗalibanmu

Ra'ayoyin ɗalibanmu sun kasu gida uku. Rukuni na farko sun karanta wasan da ma'aunin tatsuniya. A wurinsu Dakta ɗan'uwan aljanin labaranmu ne, mai naɗe tafiyar shekara cikin ƙiftawar ido. Ba mu ga laifin wannan fahimta ba, domin adabinmu ya san irin wannan tafiya tun daga Ganɗoki na Bello Kagara a 1934 har zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969. Amma tana da giɓi. Aljani ba a tambayarsa dalilin ikonsa, na'ura kuwa mutum ne ya ƙera ta, ana iya tuhumarsa a kanta.

Rukuni na biyu sun kushe wasan saboda rashin launi da ƙarancin faɗa. Waɗannan sun faɗa ramin da Turawa suka faɗa, sun auna wasan da abin da bai yi alkawari ba. Jigonsa mulki ne da yaudara, dodon kuwa mutum ne.

Rukuni na uku su ne suka fi jan hankalinmu, galibinsu 'ya'yan manoma. Su nan take suka tuna da madatsar ruwan Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Madatsar ta raya noman rani a Kadawa, amma an tashi ƙauyuka domin ta, kuma ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu. Ba cewa suka yi waɗanda suka gina Tiga mugaye ne irin Salamander ba, mu ma ba mu ce ba. Abin da suka gano shi ne, duk wanda ke riƙe da makullin ruwa ko abinci yana riƙe da wuyan jama'a, kuma wajibi ne a riƙa tambayarsa. A ganinmu wannan karatu ya fi kusa da zuciyar labarin, har ya zarce na waɗanda suka tsaya ga yabon ɗan wasa.

Duk da haka wasan yana da rauni. Ƙarshensa ya zo a gaggauce: Salamander ya shiga akwatin da sunan shi ne Dakta, ya tayar da shi ƙofa a buɗe, aka fizge shi waje. Ke nan kuskurensa ne ya kashe shi, ba farkawar waɗanda ya zalunta ba. Wannan ya rage wa jigon ƙarfi.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ra'ayin mai kallo yana rataye ne a kan abu biyu: yawan abin da ya gani, da abin da ya zo da shi daga rayuwarsa. Akwai kuma gargaɗi gare mu. In har ajiyar Jos ta ceci tarihin talabijin na Ingila, me zai hana mu tattara namu wasannin, irin su Samanja da Karambana da Kuliya Manta Sabo, mu adana su a jami'o'i da kwalejojinmu? In ba mu yi ba, na bayanmu za su yanke musu hukunci a kan gutsure.